Kwana shida da dusar ƙanƙara ta kulle mu a Bafalo

Ɗan yayata ya samu gurbin karatu a Kanada, kuma tun ranar da takardar ta iso gidanmu na Ƙofar Marke ba a da wata magana sai ta tafiyarsa. A wani dare na tsakiyar hunturu, hazo ya sauko har fitilun titi sun koma kamar aci-balbal, muna zaune a ɗakin Inna tana gaban kaskonta, sai yaron ya ce shi kam sanyi bai dame shi ba, tunda a Sakkwato aka haife shi, ya kuma saba zuwa makarantar asuba cikin jaura. Inna ta dube ni ta ce, "Gaya mai abin da yas same ka can, don yaron ga gani shikai duk sanyi ɗaya na." Na ba shi labarin a daren, amma a gutsure, ana yi ana katse ni da tambayoyi. Wannan shi ne cikakkensa, na kuma rubuta shi ne domin na ga kuskuren da yaron yake shirin yi shi ne ainihin wanda na yi.

Na tafi birnin Bafalo da ke jihar Niyok ta Amurka a 2021 domin karatun digiri na uku. Birnin yana bakin gabas na Tafkin Erie, daidai inda Kogin Nayagara ya faro, kuma gada ce kawai ta raba shi da Kanada. A farkon lokacin sanyi ruwan tafkin bai riga ya daskare ba, yana da sauran ɗumi, saboda haka idan iska mai tsananin sanyi ta ratso ta kansa sai ta kwashi laima ta zo ta juye ta a kan gari a matsayin dusar ƙanƙara. Zubar takan zo ne a siririn layi, kamar yadda ruwan farkon damina kan jiƙa Mabera ya bar Arkilla a bushe. A watan Nuwamba na 2022 an yi wata zuba da ta tara kusan mita 2 a garuruwan da ke kudu da birnin, har aka mayar da wasan ƙwallon ƙungiyar garin zuwa Detroit, amma a unguwarmu abin da ya sauka bai wuce wanda muka kwashe da hantsi ɗaya ba. Daga nan na yanke wa kaina hukunci cewa mutanen garin suna da zuzuta abu, kuma da wannan tunanin na shiga watan Disamba.

Gidan da nake haya tsohon gidan katako ne mai hawa biyu, irin wanda ya cika birnin. Mai gidan, wata dattijuwa baƙar fata da ta haura shekara 70 kuma take fama da ciwon sukari, tana zaune a ƙasa, muna kiranta Mama. Ni da abokin zamana muna sama. Shi mutumin Birnin Ƙonni ne, ya girme ni da 'yan shekaru, yana aiki a wani ɗakin ajiyar kaya, kuma Hausarsa da tawa ba su da wani bambanci, don haka gidan ya zame mini kamar wani lungu na Sakkwato.

Tun farkon makon Kirsimeti masu hasashen yanayi suka fara gargaɗi cewa guguwar da ke tafe irin wadda mutum kan gani sau ɗaya ce a zamaninsa. Ranar Alhamis 22 ga Disamba muka je kanti, muka tarar da layi har ƙofa, burodi da madara sun kusa ƙarewa. Mun sayi shinkafa da ƙwai da kifin gwangwani da kyandir, muna da sauran garin kunu da kuka da daddawa da aka aiko mini daga gida. Da muka dawo, abokin zamana ya cika bahon wanka da ruwa, ya cika bokitai da duk wata tukunya da ba a amfani da ita, ya sa wayoyi da fitilar caji a wuta, ba don wani ya gaya masa ba, sai don duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san cewa wuta da ruwan famfo baƙi ne, ba a sakankancewa da su. Wannan tarbiyya ta yi mana rana ƙwarai. Abin da ba mu yi ba shi ne abin da ɗan gari zai fara yi: shebur ɗinmu yana cikin but ɗin mota, ba mu da rediyo mai batir, ni kuma rigar sanyina irin wadda ake sayarwa a Tsohuwar Kasuwa ce, mai kyau a ido, marar nauyi a jiki.

Safiyar Juma'a 23 ga wata ta waye da yayyafi, gari da ɗan ɗumi, babu alamar komai. Abokin zamana ya fita aiki wajen ƙarfe 7, domin ba a ce an rufe wurin aikinsa ba, kuma ranar da bai je ba babu kuɗinta. Ba a yi awa biyu ba iska ta juya. Ina tsaye a taga na ga ruwan da ke kan titi yana daskarewa, na ga yayyafin ya koma fari, sannan na nemi gidan da ke tsallaken titi na rasa. Na san hazon da ke hana jirgi sauka a filin Sultan Abubakar III, na san guguwar farkon damina da ke mayar da rana dare, amma duk a cikinsu mutum yana ganin tafin hannunsa. Wannan farin duhu ne, ba sama ba ƙasa, iska tana tafe da dusar a kwance kamar ana watsa tsakuwa. Da ƙarfe 9:30 hukumomin gundumar Erie suka hana tuƙi, alhali dubban mutane sun riga sun fita.

Sai wajen azahar na ji ana dukan ƙofar gefe. Abokin zamana ne, ya bar motar a titi na uku daga gida bayan ta kafe, ya yi fiye da awa ɗaya yana laluben shingayen gidaje a tafiyar da ba ta wuce minti biyar ba. Gemunsa ya zama dunƙulen ƙanƙara, gashin idonsa ya manne, ya kasa zare zif ɗin rigarsa. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Malam, wagga ba iska ta ba, azaba ta." Yatsunsa uku na hannun dama sun yi fari fat, sun yi tauri kamar kyandir. Na kama su zan murza, ina shirin kai su kan wutar murhu, yadda muke yi wa yara idan sun dawo daga makaranta da sanyin safiya. Mama ta fito daga ɗakinta ta daka mini tsawa. Ta ce naman da sanyi ya kama ba a murza shi, ba a kuma kai shi ga wuta, domin ba ya jin zafi, zai ƙone mai shi bai sani ba. Ta sa na kawo ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannuna za ta iya jurewa, ya tsoma hannun kusan rabin awa. Da jini ya fara dawowa sai ga babban mutum yana hawaye, ita kuwa ta ce wannan zafin shi ne albishir.

Ranar ba mu je Juma'a ba, saƙo ya zo ta waya daga masallaci cewa kowa ya yi azahar a gidansa. Na tuna hadisin da muka karanta a zaure muna yara, wanda aka umarci ladani a dare mai sanyi da ruwa ya ce wa mutane su yi salla a masaukansu. A lokacin na ɗauke shi karatu ne kawai, domin ban taɓa ganin sanyin da zai hana Basakkwace zuwa Masallacin Shehu ba.

Wuta ta ɗauke bayan la'asar. Ban damu ba da farko, har na yi wa abokin zamana raha cewa yau mun koma gida. Abin da ban sani ba shi ne, na'urar ɗumama gidan da gas take aiki, amma fankar da ke tura ɗumin zuwa ɗakuna da lantarki take juyawa, saboda haka ɗaukewar wuta a can daidai take da a cire wa mutum bargo a tsakiyar dare. A wannan lokaci na shekara magariba tana yi kafin ƙarfe 5, kuma kafin isha muna ganin tururin numfashinmu a cikin falo. A waje sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili, ban da abin da iska ta ƙara. Sanyin Sakkwato da muke taƙama da shi, wanda ke fasa mana leɓe da dunduniya, yakan tsaya ne wajen digiri 15 sama da sifili. Muka jawo katifu zuwa ɗakin girki, domin shi ne mafi ƙanƙanta, muka rataye barguna a taga, muka cusa tawul a ƙarƙashin ƙofa, muka sa duk rigunan da muka mallaka ɗaya bisa ɗaya, na naɗa rawani a kan hular sanyi. Har nan ba mu yi laifi ba. Laifin shi ne abin da ya biyo baya, kuma ni na kawo shawarar. Murhun gas yana kamawa da ashana ko babu lantarki, sai na kunna dukkan bakunansa huɗu, na kunna tandar da ke ƙasa na bar ƙofarta a buɗe, na ce ga kaskonmu ya samu. Cikin rabin awa ɗakin ya yi daɗi, muka sha kunu, muka kwanta muna yaba wa kanmu dabara.

Ban san ƙarfe nawa ba ne wata ƙara mai huda kunne ta tashe ni. Kaina yana sara kamar an ɗaure shi da igiya, zuciyata tana tashi, kuma da na yunƙura zan miƙe sai ƙafafuna suka ƙi. Ƙarar tana fitowa ne daga wata 'yar farar na'ura da ke manne a bangon baranda, wadda na shekara ina wucewa ban taɓa tambayar amfaninta ba. Abokin zamana ya ce cikin magagi, "Malam, cire batirin abin ga mu samu mu yi kwana." Wallahi na nufi wurin da niyyar cirewa. Sai na ji ana dukan daɓen ƙarƙashin ƙafata da sandar tsintsiya, Mama tana kiran sunana daga ƙasa tana cewa mu kashe gas, mu buɗe taga, mu sauko yanzu. Na kashe murhun, na fizge bargon, na ɗaga tagar da ƙyar, iska ta shigo da dusa har kan katifu, ɗumin da muka tara ya tafi cikin minti ɗaya. Muka sauko matakala muna dafa bango.

A falonta, da tocila a hannu, ta yi mana bayanin da ya kamata a ce na sani, ni da nake taƙamar karatu. Duk wutar da ke ci a rufaffen ɗaki tana cinye iskar shaƙa, sannan ta fara fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke bukata, mutum ya ji barci mai daɗi ya wuce daga nan. Tun 2010 dokar jihar Niyok ta wajabta kafa na'urar da ke jin wannan iska a gidaje. Ina sauraronta ina tuna labaran da muke ji kowace shekara a gida, na iyalin da suka kwana da garwashi ko da janareta a cikin ɗaki aka wayi gari babu ko ɗaya, a ce hayaƙi ne, wani lokaci ma a ce iska ce ta taɓa su. Ɗakunanmu na gida suna da kafofi ta ko'ina, ta saman ƙofa da ta ƙarƙashin kwano, shi ya sa kasko yake yi mana sassauci. Ni kuwa na toshe kowace kafa da hannuna kafin na kunna wutar.

Daga wannan dare muka tare a falon Mama mu uku, kuma ita ta riƙe ragamar gidan. Ta sa muka bar kowane famfo yana ɗiga kaɗan-kaɗan, muka buɗe ƙofofin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, domin ruwan da ya tsaya cikin bututu yana daskarewa, idan ya daskare ya kumbura ya fasa bututun. Murhu ba a kunna shi sai don girki da dafa ruwa, taga a ɗan buɗe, a gama a kashe. Ruwan zafin muna zuba shi a gorunan roba mu naɗe da safa mu sa a cikin bargo, da shi kuma muke surka na alwala. Abincin firji muka fitar baranda, inda ya fi firjin sanyi. Allurarta ta insulin kuwa a aljihun rigarta na ciki take ajiye ta, domin ta ce idan ta daskare ta lalace, kuma babu inda za a samo wata. Tana da ƙaramar rediyo mai batir, a nan muka ji cewa motocin asibiti da na kashe gobara su ma sun kafe a hanya, kuma a yawancin birnin ko an kira lambar agaji babu mai iya zuwa. Wannan labari ya fi sanyin tayar mini da hankali, domin na san idan sukarin dattijuwar nan ya faɗi, ko ɗayanmu ya yanke jiki, daga mu sai Allah.

Wayata a kashe take, ina kunna ta sau biyu a yini. Sakkwato tana gabanmu da awa 6, saboda haka idan na kunna da hantsi a can la'asar ta yi. Maiɗakina ta riga ta ga hotuna a Facebook, ta kai wa Inna wayar. Inna ta ce, "Ɗan nan, mi kac ci?" Na ce shinkafa da miyar kuka. Ta ce, "To madalla. Ka hasa garwashi, ka ruhe ƙohwa da kyau, kada iska ta shigo ma." Na ce to, Inna. Ban gaya mata abin da ya faru a daren jiya ba sai bayan shekara biyu.

Asabar ita ce rana mafi tsawo da na taɓa gani. Iska ba ta tsagaita ba ko na minti ɗaya, gidan katakon yana ƙara yana motsi kamar kwalekwale a Gulbin Rima, dusa tana shigowa ta ramin makulli tana taruwa a ƙasa kamar gari. Daga baya aka ce an yi awa 37 a jere ana wannan hali, iskar ta kai gudun kilomita 127 a awa a garin Lackawanna da ke kudu da birnin, kuma abin da ya zuba a filin jirgin saman birnin cikin kwanakin ya kai kusan santimita 132. Adadin bai nuna ainihin abin ba, domin iska tana share wani wuri har a ga kwalta, ta je ta tara a wani wurin har ya kai rufin mota ko saman ƙofa. Mama ta ba mu labarin guguwar 1977, wadda ta gani tana matashiya kuma mutanen garin suke auna kowace guguwa da ita, ta ce wannan ta fi ta mugunta. Mu kuma muka ba ta labarin zafin watan Afrilu a Sakkwato, lokacin da ake kwana a tsakar gida ana yayyafa wa tabarma ruwa, ta ce a ranar da za a ba ta zaɓi da ta ɗauka.

Da asubar Lahadi, ranar Kirsimeti, na farka saboda shiru. Ƙofar gaba ba ta buɗuwa, dusa ta toshe ta har sama, sai ta ƙofar gefe muka fita bayan mun kwashe abin da ke bakinta da tire da murfin tukunya. Titi ya ɓace, motoci sun zama tuddai, sai madubi ko eriya da ke leƙowa. A rediyo muka ji cewa wani matashi ya rasu a garin Lockport da ke kusa da Bafalo saboda dusa ta toshe bututun da ke fitar da hayaƙin na'urar ɗumama gidansa, don haka aikinmu na farko shi ne tono namu bututun kafin wuta ta dawo. Wani maƙwabci ya ara mana shebur, ya kuma koya mana aikin, domin kwasar dusa tana da ƙa'ida kamar noma. Ana yanka ta ne gunduwa-gunduwa daga sama, a ɗebi kaɗan, a durƙusa da gwiwa maimakon a sunkuya da baya, a huta kowane minti goma sha biyar. Ya ce sanyi yana matse jijiyoyin jini, nauyin kuma yana tilasta wa zuciya, kuma a cikin waɗanda suka mutu a wannan guguwa akwai waɗanda zuciyarsu ta tsaya suna riƙe da shebur. Ya kuma hana ni yin gumi, ya ce idan na ji zafi in rage riga ɗaya, domin jiƙaƙƙiyar riga a wannan sanyi ta fi rashin riga haɗari.

Kafin azahar duk mazan layin sun fito, abin ya koma aikin gayya sosai. Aka fara da gidajen tsofaffi da na masu jinya, aka buɗe siririyar hanya a tsakiyar titi wadda mutum ɗaya zai bi. Wasu 'yan Bangaladash da ke ƙarshen layi, waɗanda shekara guda ba mu wuce sallama da su ba, suka fito da babbar tukunyar shinkafa da wake suna zuba wa kowa. Wata mai jego ta rasa madarar jariri, aka sa cigiya a Facebook, kafin magariba wani da ba wanda ya san shi ya kawo gwangwani biyu a kan babur ɗin da ke tafiya bisa ƙanƙara. Ni da abokin zamana muka taka zuwa shagon wani Bayamale da ya buɗe, tafiyar minti goma ta ci mana kusan awa ɗaya, muka samo batir da burodi da lemon kwalba saboda sukarin Mama.

Wuta ta dawo mana ranar Litinin da yamma, bayan kwana uku, muka yi ta murna har da tafi. Murnar ba ta daɗe ba, domin da gidan ya fara ɗumi sai muka ji ƙarar ruwa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wani bututu da ke jikin bangon waje ya riga ya fashe tun yana daskare, ƙanƙarar ce ta toshe shi, da ta narke sai ya balle. Na shiga ruwa mai sanyin da ya kai idon sawu ina laluben babban makunnin ruwan gidan, Mama tana saman matakala tana yi mini kwatance. Masu gyaran famfo duk an yi musu layi, sai bayan kwana huɗu aka samu wanda ya zo, kuma a tsakanin nan ruwan da abokin zamana ya tara a baho da bokitai shi muka yi ta lallaɓawa. Dusa ta sake zuba a ranakun Litinin da Talata, amma babu iska, don haka ba ta tsorata kowa ba.

Sauran kwanakin na jira ne da aiki. Shugaba Joe Biden ya amince da dokar ta-ɓaci ga jihar, Gwamna Kathy Hochul, wadda ita ma 'yar yankin ce, ta turo dakarun jiha, aka sa 'yan sandan soja suna tsare hanyoyi saboda masu karya dokar hana tuƙi. Motocin share titi na yau da kullum sun gaza, sai da aka kawo katafila tana ɗiba tana zuba wa tifa ana fitarwa bayan gari. Dakaru suka bi gida-gida a unguwannin da suka daɗe babu wuta suna tambaya ko kowa yana lafiya, kuma kowa ya san abin da suke nema. Motar abokin zamana an janye ta daga inda ya bar ta, sai da ya yi kwana biyu yana bugun waya kafin ya gano filin da aka kai ta, da muka je kuma ya fara tone salansa kafin ya tayar da inji, domin wannan iskar mai guba tana cika motar da dusa ta toshe wa salansa. An buɗe filin jirgi ranar Laraba 28, aka ɗage dokar hana tuƙi a birnin da tsakar daren wayewar Alhamis 29. Kafin ƙarshen mako gari ya yi ɗumi har da ruwan sama, muka koma tonon bakin kwatoci don kada narkakkiyar dusa ta shigo gidaje.

Mutum 47 aka tabbatar sun rasu a yankin. An samu wasu a cikin motoci, wasu a kan titi dusa ta rufe su, wasu a gidajensu da babu ɗumi, wasu kuma suna jiran motar asibitin da ba ta iso ba. A cikin birnin mutuwar ta fi yawa a tsakanin baƙaƙen fata da masu ƙaramin ƙarfi, kuma ban yi mamaki ba. Na ji masu cewa ai an yi gargaɗi, me ya fitar da su. Wanda yake faɗin haka bai san cewa shawarar a tanadi abincin kwana uku magana ce ta mai kuɗi a hannu ba. Ranar Juma'ar ita ce ranar biyan albashi ga ma'aikata da yawa, ana dab da biki kuma, kuma wanda ake biya da awa ba ya zama a gida sai an rufe wurin aikin. Abokin zamana bai fi waɗanda suka mutu wayo ba, motarsa ce kawai ta kafe kusa da gida. Fatar yatsunsa uku ta saɓule daga baya, wata ta fito, kuma har na baro garin ba ya iya riƙe kwalbar ruwan sanyi da wannan hannun. Ni kuma na yi watanni idan iska ta kaɗa taga da dare sai na farka na je na duba murhu.

Da zan dawo gida a 2024 na sayo irin wannan farar na'ura, na kafa ta a bangon ɗakin Inna da kaina, na yi mata bayani ta ce ta ji. A hunturun farko ta yi ƙara sau ɗaya cikin dare, Inna ta sa jikanta ya sauke ta, ta naɗe ta a tsohon zane ta jefa cikin kwalla, ta ce shekara 60 tana kwana da kasko ba ta taɓa neman ɗan sanda a ɗakinta ba. Iyakar abin da na samu a wurinta shi ne ta yarda a riƙa barin taga a buɗe kamar faɗin tafin hannu, a kuma fitar da kaskon kafin ta yi barci. A daren da na gama ba ɗan yayata labarin, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Kawu, to ina abin yake yanzu?" Inna ta nuna kwallar da haɓa, ya buɗe ya warware zanen, na danna maɓallin gwaji, ƙarar ta cika ɗakin har yara suka shigo da gudu. Inna ta toshe kunnuwa ta ce ya ɗauka ya sa a jakarsa, ya kuma fitar mata da ita daga ɗaki tun yanzu.